Rasit Uku Daga Kwangila

Sunana Mahmudu Nagoda. Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin binciken kuɗi kafin na yi ritaya, kuma har yau ba na kwanciya sai na shigar da abin da na kashe a littafi. Lambobin da zan kawo ba da ka nake kawo su ba. Takardun suna gabana.

Ranar Alhamis, tara ga Fabrairu, 2023, na dawo daga Kaduna, inda na wuni a layin tantance 'yan fansho ba tare da layi ya zo kaina ba. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi ne. Mota ta sauke ni a ƙarƙashin gadar Kwangila da ƙarfe shida da minti arba'in, ana kiran magariba. Ƙafafuna sun kumbura, aljihuna kuma babu komai sai katin banki. Ya kamata in tsaya in yi salla a nan. Gajiya ta sa na ce sai na isa gida Tudun Wada.

Direbobi huɗu na tambaya, amsarsu ɗaya: "Sai tsabar kuɗi, Baba."

Sai wata tsohuwar tasi ta tsaya a gabana. Ban ji ƙarar injinta ba.

"Tudun Wada," in ji direban, bai dube ni ba. "Ɗari biyu da hamsin. Ana karɓar kati."

Na shiga gaba, na zauna. Motar tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali an yi wata huɗu ba a ga ruwan sama ba. A baya akwai mace ɗaya lulluɓe da mayafi. Na yi sallama. Direban bai amsa ba. Ita ta amsa, can ƙasa-ƙasa.

Da muka hau gadar Kubanni, ya miƙo mini 'yar na'urar karɓar kati. Sanyinta ya ratsa mini yatsu. Na sa kati, na danna lambar sirri. Ta yi ƙara, ta fito da rasit.

"Bai shiga ba," in ji shi. "Sake."

Wannan ba baƙon abu ba ne a watan nan, don haka ban damu ba. Na dai duba takardar kamar yadda na saba. Sunana ne a sama, cikakke, har da sunan mahaifiyata, wanda ban taɓa ba wa wani banki ba. A ƙasa an rubuta: Saura, 4,207. Abin da ke asusuna ya haura dubu sittin. Na ɗauka kuskuren na'ura ne, na sake.

"Bai shiga ba."

Saura, 3,842.

Na ɗaga kai. Muna kan gadar Kubanni. Na tabbata mun riga mun wuce ta. Babu fitilar mota ko ɗaya, gabanmu da bayanmu. Kiran sallar da nake ji ya yi nisa, kamar daga cikin rijiya.

"Sake, Malam Mahmudu."

Na sake. Ban san dalili ba. Hannuna ya gaji da musu, kamar yadda duk jikina ya gaji.

Saura, 3,477.

Kan da ya saba da lissafi ba ya jiran izini. Na cire na biyu daga na farko: ɗari uku da sittin da biyar. Na cire na uku daga na biyu: ɗari uku da sittin da biyar.

Ashe kwanakin rayuwata ake cira, shekara guda a kowane rasit.

Gwiwoyina suka ɗauki ciwo. Na taɓa haƙorina da harshe, na ji yana girgiɗi.

"Baba," muryar ta fito daga baya, da raɗa. "Kada ka ƙara."

Na waiwaya. Mayafin ya zame. Tsohuwa ce tukuf, ta girme ni nesa, babu haƙori ko ɗaya a bakinta. A wuyanta akwai katin shaidar ɗaliba mai hoton yarinyar da ba ta wuce shekara ashirin ba. Na karanta sunan: Surayya. Cinyarta cike da rasit, har suna zuba ƙasa.

"Shekaranjiya na shigo," ta ce. "Ina da jarrabawa ranar Litinin. Baba, kana da tsaba?"

"Ba ni da ko sisi."

"Duba sosai. Tsaba ba ta da suna. In ka biya da ita, dole ya sauke ka."

Direban ya juyo a karon farko. Wuyansa kaɗai ya juyo. Ban ga idanu ba, sai ramuka biyu masu laima.

"Sake."

Gumi ya sa na cire hulata. Yatsana ya taɓa takarda.

Matata Talatu tana da al'adar cusa kuɗi a ninkin hulata duk ranar da zan yi tafiya. Na sha yi mata faɗa, domin kuɗi ne da ba sa shiga littafi. Kullum sai ta ce, "Malam, hanya ba ta san littafinka ba."

Tsohuwar ɗari biyar ce, an ninke ta huɗu.

Na yi bisimilla da ƙarfi, na ajiye ta a gabansa.

Motar ta tsaya cak.

"Canjinka," in ji shi, yana laluben aljihu.

"Kada ka karɓa!" in ji ta.

Na banka ƙofa, na faɗi a kan kwalta. Ƙarar babura da hayaniyar mutane suka dawo mini lokaci ɗaya. Ina bakin titin Agoro, wani mai shayi yana tambayata ko jiri ne ya ɗebe ni. Agogona ya nuna ƙarfe shida da minti arba'in da ɗaya.

Sai da na zauna a kan bencinsa sannan kaina ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun a mota. Ɗari biyar, a raba biyu. Kuɗin mutum biyu ne cif. Kalma ɗaya kawai ta rage in faɗa: har da ita.

Na yi jinyar mako uku. Haƙora biyu suka fita, gemuna ya ƙarasa fari. Banki ya tabbatar mini ba a taɓa asusuna ba. Limamin unguwarmu ya tunatar da ni cewa Allah kaɗai Ya san ajali, shaiɗan kuma maƙaryaci ne. Na yi imani da haka. Duk da haka, kowace safiya hannuna yana rage ɗaya a gefen shafin littafina. Yau na rubuta 2,981.

Na daina yi wa Talatu faɗa. Kowace Alhamis nakan yi magariba a Kwangila, cikin jam'i, sannan in tsaya a ƙarƙashin gada da ɗari biyar a hulata. Direbobin wurin sun saba da ni.

"Baba, ina zuwa?"

Nakan ce musu wata nake jira. Ban ƙirga rasit ɗin da ke cinyarta ba, don haka ban san ko akwai sauran wadda zan biya wa ba.