Cokalin Gonar Dankali

A jajibirin Kirsimeti, tsohuwa Leokadiya ta jera kwano biyu kamar kowane gida a Poland: ɗaya nata, ɗaya na baƙon da Allah zai jefo. Tun rasuwar mijinta babu wanda ya zauna a kujerar baƙon. Gefen kwanon baƙo ta ajiye wani cokali da ta tono a gonarta ta dankali, jikin shingen tsohon sansanin da Jamusawa suka tsare mutane a ciki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa suka mutu a can.

Duhu na shiga aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani saurayi ne ramamme, kai a aske ƙwal, takalman katako a ƙafarsa. Ya zauna dab da murhu, amma ƙanƙarar da ke kafaɗarsa ta ƙi narkewa.

"Ci, ɗan nan," in ji ta, daɗi ya cika ta. "Dube ka kamar tsinke!"

Ya juya cokalin, ya yanka burodi da ƙotarsa, ya cusa rabi cikin riga.

"Wa ya gaya maka ƙotar na da kaifi?"

"Ni na wasa ta, Iya. Tun da ya faɗi daga hannuna ban sa komai a baki ba." Ya ɗaga ido ya dubi gwangwanin da ke kan kantar kwanuka, cike da cokulan da ta tsinto a gonar. "Sauran suna waje. Sun ce in tambaya ko kin ga nasu."

A tsakar gida, takalman katako suka fara matsowa.