Linzamin Kalangun Baba Nomau

Magauraya tana aiki tun hantsi a zauren Sallau, fitilunta sun yi ja wur kamar garwashi. Na'ura ce da ba ta wuce faɗin tabarmar salla ba, ana zuba mata sautuka daban-daban ta haɗa su su zama kiɗa ɗaya. Kowane sauti da linzaminsa a jikinta: ka tura shi sama ya yi ƙara, ka ja shi ƙasa ya lafa. A ranar nan duk linzaman suna sama, sun ƙure.

"Kiɗan ya cushe," in ji na'urar da muryarta mai sanyi. "Kalangu ya danne ganga. In ka ba ni izini zan rage shi."

"Ban ba ki ba," in ji Sallau.

Sallau mai gyaran famfo ne a Unguwar Gangare, can ƙasan Birnin Gulbi, inda ruwa ke fara sauka in an buɗe madatsar tudu. Ba makaɗi ba ne, bai kuma gada ba. Bara ya fara taɓa kiɗan na'ura don ɗebe kewa, da mai haɗa wa unguwa kiɗa ya yi ƙaura zuwa benayen tudu, sai aka ce ai ga Sallau. Haka mutane suke, su gan ka kana wasa da abu, gobe su ɗora maka shi a ka.

Kiɗan kuwa ba na biki ba ne. Duk shekara kafin a saki ruwa, unguwa takan yi gayya ta ƙara tsawon ganuwar da ta tare gulbi. Mutane su cika buhunan ƙasa su miƙa, ƙartin ƙarfe su ɗauka su jera. Ƙartin nan injuna ne masu ƙafa biyu, kowanne ya fi raƙumi tsawo. Da can ta iska ake ba su umarni, mutum ba ya ji, sai dai ƙato ya juyo da buhu ya tarar da mutum a gabansa. Da aka gaji da ɗorin karaya, injiniyoyi suka yi musu kunne. Yanzu ganga suke bi kamar kowa, bugu ɗaya a sunkuya, bugu ɗaya a ɗaga. In ba su ji ganga ba, babu aiki. In babu aiki, jibi ruwa yana cikin ɗakunan Gangare.

Da aka ji Sallau ne zai haɗa, kowa ya kawo nasa. Maƙera suka kawo ƙarar guduma, mata suka kawo shantu, mai unguwa ya aiko da algaitar gidansu. Sallau ya naɗi kowanne, ya yayyanka, ya jera su a kan gangar lantarki da ya ƙirƙira da kansa. Sai ga Baba Nomau, mahaifin matarsa Hansai, tsohon makaɗin mahauta. Ya sauko da kalangun da ya daɗe a rataye, ya kaɗa a gaban na'ura har gumi ya jiƙa masa riga.

To, na wa za a rage? Ya rage algaita, ya raina mai unguwa. Ya rage shantu, matan unguwa su yi da shi har damina ta wuce. Kalangu kuwa ko a zuci bai kusance shi ba. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, wanda ke tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, shi ne zai sa yatsa ya danne masa hannu? Sai ma ya ƙara masa, don kada algaita ta fi shi.

Hansai ta leƙo zaure da kwanon fura, ta tsaya ta toshe kunne ɗaya.

"Malam, wannan kiɗa ne, ko kasuwa ce ta watse?"

"Ba ki san sabon salo ba."

"Na san ciwon kai dai. Ka rage na Baba mana."

"Ke ki zo ki rage."

"Ni ba na taɓa kayan aikinka, kai ka hana." Ta ajiye kwanon. "Amma ka tuna ɗakinmu ne na farko a bakin ruwa, kuma ni ban iya iyo ba."

Bayan azahar aka kai kiɗan gwaji a gindin ganuwa. Injiniya Tabawa ta hukumar ruwa ta kawo ƙartinta ta jera su, mutanen unguwa suka taru kallo, dattawa suka shimfiɗa tabarma a inuwa. Sallau ya jona Magauraya da manyan lasifikoki ya kunna.

Abin bai yi kyan gani ba. Ƙato ɗaya ya sunkuya, na kusa da shi ya ɗaga, na ukun ya tsaya cak yana juya kai kamar baƙo a tasha. Wani kuma kalangu ya bi. Kalangu fa magana yake da sauri, sai ƙaton ya kama karkarwa da buhu a hannu, har buhun ya suɓuce ya fashe dab da ƙafar mai unguwa. Tabawa ta kashe kiɗan.

"Malam Sallau, ba su jin ganga. Akwai abin da ya hau kanta, na kuma san na'urarka ta gaya maka ko mene ne." Ta rage murya. "Gobe da safe gayya. Ba ni da ikon hana a buɗe madatsa, ko na roƙa ba za a ɗaga ba."

Sallau ya sunkuyar da kai. Abin da ya hau kan gangar yana zaune a kan tabarma kusa da shi, yana ɓare goro.

"A sake sa shi in ji," in ji Baba Nomau.

Aka sake, a hankali wannan karon. Tsohon ya karkata kai ya rufe ido. Can ya ɗaga hannu.

"Wane ne wannan mai kalangu?"

Wata mata ta danne dariya da bakin gyale.

"Ko wane ne, ba shi da ladabi. Ganga na magana yana sa baki. A wurin gayya kalangu a baya yake tafiya, ba bikin mahauta ake ba."

Sallau ya durƙusa. "Baba, ai shi mai kalangun..."

"Ka san shi ne? To riƙe sunansa, kada in ji kunyar ubansa. Ja shi ƙasa."

Sallau ya sa yatsa a kan linzamin ya ja shi kaɗan, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara mana, ɗana. Tsoronsa kake ji?"

Ya ja har kalangu ya koma can baya, yana raɗa. Sai ga ganga ta fara leƙowa. Mai unguwa, yana karkaɗe ƙasa daga babbar rigarsa, ya yi gyaran murya ya ce shi ma dama algaitar nan ta ɗan yi masa yawa, a bar ta ta riƙa shigowa in za a huta. Mata suka ce su ba za a fi su kara ba, a sauke shantu. Maƙera suka ɗan yi gunaguni, suka bi sahu. Fitilun Magauraya suka bar ja ɗaya bayan ɗaya suka koma kore.

"Ganga ta fito," in ji na'urar.

Ƙartin suka sunkuya tare, suka ɗaga tare. Tabawa ta zauna a kan buhu ta saki numfashi.

Washegari aka yi gayya, ba wanda ko farcensa ya fita. Kiɗan ba wani abin a zo a ji ba ne, kiɗan ɗan koyo ne, gangar ma tana da wata ƙara kamar ana buga duro. Amma ana jin ta tun daga wannan kan ganuwa har wancan, kuma abin da ake nema ke nan.

Ranar da aka buɗe madatsa duk unguwa ta hau ganuwa. Ruwa ya taho ja, ɗauke da kara da rassan itace, ya yi ta hawa buhu bayan buhu. Ya hau, ya hau, sai ya tsaya, saura taki ɗaya ya kai baki. Aka jira. Bai ƙara ba. Tsofaffi suka shafa fatiha, wasu suka zauna nan inda suke.

"Allah ya rufa asiri Baba bai gane ba," Sallau ya raɗa wa matarsa.

Hansai ta dube shi. "Kai kaɗai ne a garin nan ka yarda makaɗi zai kasa gane hannunsa."

Sallau ya ɗan waiwaya. Ya saci kallon tsohon, ya yi sauri ya mai da ido ƙasa.

Tabawa ta zo ta durƙusa ta gai da dattawa, ta ce bana an tsira. Sai dai baɗi a shirya, don mutanen tudu suna ƙara benaye, za a ƙara wa madatsa tsawo, ruwan da za a saki zai fi na bana. Dole ganuwa ta ƙaru.

"Baɗi mu ƙara," in ji Baba Nomau. "Baɗin baɗaɗa fa?"

"Mu sake ƙarawa, Baba."

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi benayen tudu, waɗanda kawunansu suka shige cikin gajimare.

"Su can sama, 'yata, babu mai ja musu ƙasa?"

Tabawa ta bi inda yake kallo. A ƙarƙashin ƙafafunsu ruwa yana lasar buhunan sama.