Sarauniyar Ciyawa ta Tudun Penlan

Ranar da Nerys Probert ta fara hawa Tudun Penlan a tseren mota, ko rabinsa ba ta kai ba. A kwanar hanya ta uku, ɓangaren bayan motar ya ƙwace mata a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ta juya, ta je ta tsoma hanci cikin damman ciyawar da aka jera a gefen hanya. Injin ya mutu, yayyafi ya ci gaba da sauka a kan gilashi.

Ba ta yi yunƙurin fita ba. Ta jingina hular kwanonta da kujera, ta lumshe ido.

Wani saurayi cikin masu tsaron hanya, sanye da kayansu ruwan lemo daga wuya har ƙafa, ya taho da gudu ya buɗe ƙofar.

"Kin ji ciwo? Yi magana mana! Wuyanki fa?"

"Lafiyata ƙalau," ta ce, idonta a rufe. "Don Allah ka bar ni a nan kaɗan. Tun da makon nan ya kama, nan ne wuri na farko da na zauna ba wanda yake jiran in ɗaga shi."

Ya tsaya yana kallonta, ruwa na ɗiga daga hancinsa. Sai ya yi dariya.

"Ni kam da na bar ki. Amma motoci na ƙasa a layi suna jira, kuma ciyawar nan ta mutane ce."

Sunansa Gethin Bevan, makanike ne a garejin motocin bas. Duk ƙarshen mako yana tsaye a wannan kwana da jar tuta a hannu, ba albashi, sai shayi da burodi mai cuku. Shi ya tura motar ta fito, shi kuma ya neme ta da rana a filin da ake ajiye motoci, ya tarar tana tsinke ciyawa daga gaban injin.

"Ranki ya daɗe, Sarauniyar Ciyawa," ya ce, ya miƙa mata kofin shayi.

"Na gode, Ɗan Lemo."

Motar ta kakarta ce, ƙarama, tsohuwa, wadda ba ta san wata hanya ba sai ta coci da ta kasuwa. Nerys ta nemi lasisin ƙungiyar masu tseren mota, ta sayi hular kwano, ta manna lamba a ƙofa, shi ke nan. A tseren tudu mota ɗai-ɗai ake saki, daga kai sai agogo. Mutum zai wuni cikin sanyi da taɓo don hawan da bai fi minti guda ba. Wannan mintin shi ta zo nema.

A gidan kula da tsofaffi take aiki. In ta tashi, gida ma aikin ke jiranta, don mahaifinta Emrys ya samu shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta tafi, aka sayar da tumakinsa. Ita da mahaifiyarta Glenys suke ɗaga shi, su yi masa wanka, su kwantar da shi. Wani lokaci kafin ta cire takalmi barci ya kwashe ta a kujera.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Sarauniya, matsalarki birki kike takawa a tsakiyar kwana. Ki taka kafin ki shiga, sannan ki kalli inda kike son zuwa, ba ciyawa ba."

Ta rubuta: "Ciyawar ce ta fi kowa yi min maraba."

"Ba ita kaɗai ba."

Ta daɗe tana kallon kalmomin nan, har mahaifiyarta ta ƙwala mata kira daga ɗakin Baba.

Haka bazara ta tafi musu. Kafin a fara tsere sukan taka tudun da ƙafa, yana nuna mata inda kwalta ke riƙe ruwa da inda za ta sauya giya. Ya gyara mata birki, ya koya mata rage iskar taya. Wata Lahadi suka je tseren fili a wani tsohon filin jirgin sama, ta zo ta biyun ƙarshe, ta dawo tana murna kamar an ba ta kofi. A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗarsa, shi kuma ya ƙi motsa hannun har ya sage.

"In na ce ina son ki, za ki farka?" ya tambaya a hankali.

"Ina jin ka," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Sake faɗa."

Glenys ce ta ƙi. Ranar da Nerys ta kawo shi gida, ta zuba masa shayi, ta yanka masa kek. Yana fita ta juyo.

"Wannan ne mai zuga ki ki je ki karya wuyanki?"

"Mama, shi ne ma yake hana mutane karya wuya."

"In kika karye, wa zai kama min babanki? Ni kaɗai? Dubi hannuwana, Nerys. Mutum ɗaya a keken guragu ya ishe ni a gidan nan. Kuma irin waɗannan samarin ba sa zama. Yau suna wannan tudu, gobe suna wancan."

"An ce za a riƙa turo mana masu taimako, ke kika ƙi."

"Baƙo ba zai tuɓe mijina ba ina raye."

Nerys ta miƙe. Ƙarfin gardamar ma babu. Ta ɗauki kwanon ruwan ɗumi ta shiga ɗakin Baba.

Sai kuma ga Lowri Maddox. Ita ce ke cinye ajin motocin tsere masu ƙarfi a Penlan, tana da doguwar tirela da rumfa mai sunanta a jiki. A taron watan Yuli masu duba mota suka ƙi amincewa da tayoyin Nerys, suka ce sun suɗe, ba za ta hau ba. Ta nemi Gethin a kwanarsa, wani ne ke riƙe da tutar. Can ta hango ƙafafunsa a ƙarƙashin motar Lowri.

Lowri ta tare ta da fara'a. "Ke ce mai 'yar motar nan? Yaronki gwani ne. Baɗi zan zagaya ƙasar nan kaf, har Sikotland, kuma da shi zan tafi. Asara ce mai hannu irin nasa ya ƙare a ƙarƙashin bas."

Nerys ta ɓare lambar daga ƙofar motarta, ta tuƙo gida a hankali kamar yadda kakarta take yi. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganar Mama ta fito.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Sarauniya, ina kika shiga? Na neme ki ko'ina."

"Ɗauki waya mana, ko zagina ne ki yi."

Sai da ta kwana biyu ta amsa: "Ka tafi Sikotland, Gethin. Ba fushi nake ba, na gaji ne. Ba ni da ƙarfin riƙe mutum ɗaya a kan waɗanda nake riƙe."

Bai sake rubutowa ba. Ta rufe motar da tampol a rumfar da tumaki suke kwana a da.

Wata Asabar ta dawo daga aiki ƙafafunta a kumbure, ta ga tayoyi huɗu a jingine da bangon rumfar. Ta tura ƙofar kicin, ta tsaya cak. Baba na zaune a kekensa da tawul a wuya, Gethin ya durƙusa a gabansa, ya tallafe haɓarsa yana yi masa aski. Glenys na tsaye ta harɗe hannu a ƙirji.

"Tun safe yake nan," in ji Glenys. "Babanki ya zame a banɗaki, na kasa ɗaga shi. Na leƙa waje neman taimako, sai ga wannan yana sauke taya."

Nerys ta ja shi waje.

"Tayoyin na Lowri ne, na ƙaramar motar da take gwaji da ita," ya ce. "Na yi mata aiki, ta biya ni da su. Tun kafin ranar nan na ga naki sun mutu."

"Sikotland fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba, na so zuwa. Na gaji da bas, Nerys, na gaji da warin dizal. Har na ce mata zan yi tunani. Laifina da ban gaya miki ba."

"To me ya hana ka?"

"Na tsaya a kwanata ran Lahadi, motoci suka yi ta wucewa, na ga ashe guda ɗaya nake jira. Na gaya wa Lowri ta nemi wani." Ya goge kumfar sabulu a wandonsa. "Ban zo don ki riƙe ni ba, masoyiya. Na zo in kama ɗaya gefen ne."

A nan ne kukan ya zo mata. Ta kifa goshinta a ƙirjinsa, ya bar ta ta yi mai isarta.

Glenys ba ta sauko a rana ɗaya ba. Amma Gethin ya ci gaba da zuwa, ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ya koyi yadda ake juya Baba a gado. Ranar taron rufe shekara, Baba ya ga Nerys ta ɗauko hular kwano, ya kama buga hannunsa mai lafiya a kan keke, yana nuna ƙofa. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, sai da aka sa shi a mota.

Gethin ya ajiye Baba da Glenys a bayan shinge, sama da kwanarsa. Da 'yar motar ta ɓullo, Glenys ta rufe fuska da gyalenta. Nerys ta taka birki da wuri, ta shiga kwanar, ta fita sumul. Baba ya yi ta dukan keke yana wata irin dariya da rabin baki, wadda ba a ji irinta ba tun da ya kwanta.

"Ta wuce?" in ji Glenys daga cikin gyale.

"Ta wuce, Mama," in ji Gethin.

Ta sauke gyalen ta harare shi. "Wa ya ce ka kira ni Mama?" Ta gyara wa mijinta bargo a gwiwa. "To, tunda ka fara, sai ka zo gida ka nemi aurenta yadda ake yi."

A makon ne ta amince masu taimako su riƙa zuwa, bisa sharaɗin tana tsaye a kansu.

An ɗaura auren a watan Oktoba, a ƙaramin cocin ƙauyen. 'Yan ƙungiya suka jeru a bakin ƙofa suka ɗaga tutoci, ango da amarya suka bi ta ƙarƙashi. Nerys da kanta ta turo keken Baba har gaban fasto, ya kama hannunta ya ɗora a kan na Gethin, ya daɗe bai saki ba.

Da za su tafi, Nerys ta fara lissafa wa mahaifiyarta magungunan Baba. Glenys ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Na riga ki saninsa, yarinya. Ku tafi. Kada ki kira ni, kada ki tambayi ko ya ci abinci." Ta gyara mata furen da ke gashinta. "Na daɗe ina jingine da ke har na manta ke ma 'yar wani ce. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku masu ɗaga ku ranar da kuka gaza."

"Amin, Mama," suka ce tare.

Wannan karon Glenys ba ta harari Gethin ba.