Jinin Farfesa Ya Ɓata

Sufeto bai gama shan shayin safe ba aka kira shi: an yi sata a ɗakin binciken cututtukan jini na asibitin koyarwa. Ya tafi yana tsaki, don shi a rayuwarsa ya fi son ɓarayin da ke satar abin da ake iya sayarwa.

Ma'aikacin injin gwaji ne ya tarbe shi, wani siriri da ake kira Kwalba. Ya buɗe firji ya nuna wani gurbi wayam.

"Nan jinin Farfesa yake zama, yallaɓai."

"Farfesan ba shi da lafiya ne?"

"Lafiya ta yi masa yawa ma. Idan za mu auna jinin maras lafiya, sai mun jera shi da na lafiyayye mu ga bambanci. To duk wata Farfesa ke ba da nasa. Shi ne ma'auninmu."

Sufeto ya duba kwaɗon firjin, ko ƙwarzane babu. Jinin majinyata yana nan, magunguna masu tsada suna nan.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Farfesa da ɗalibarsa. Ni kuwa tun shekaranjiya ban buɗe ba."

Sufeto ya miƙa hannu bayan wani kwali a cikin firjin ya zaro robar lemo rabi. Kwalba ya sunkuyar da kai. Maƙaryaci ne, amma na lemo kawai.

Farfesa ya shigo da ƙaton tumbinsa, ya naɗe hannun riga, ga filasta fara fat a gwiwar hannunsa na hagu. Mutum ne da ko gaisuwa aka yi masa sai ya kawo zancen ingancin jininsa.

"Wa ya kira 'yan sanda?" ya tambaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Kwalba.

Farfesa ya harare shi, sannan ya juya. "Sufeto, kada ka wahalar da kanka. Ɗalibata ce. Ta lalata aikinta, tana neman inda za ta fake. Yau zan sa a kore ta."

"Wa ke ɗibar maka jinin?"

"Ni da kaina, a ofis, ƙofa a rufe. Ba na ba yara jijiyata su koyi aiki."

Ɗalibar tana zaune gaban madubin duba ƙwayoyin jini, idanunta sun kumbura. Shekarunta na digiri na uku duk a kan cutar sikila suka tafi, saura kaɗan ta gama. In aka kore ta da sunan sata, babu ɗakin binciken da zai sake karɓarta. Sufeto ya ji tausayinta, amma bai nuna ba.

"Kin taɓa kwalaben jinin nan jiya?"

"A'a."

"To me kike dannewa da gwiwar hannu?"

Ta ɗaga hannun. Wata 'yar kwalba ce, da ɗan jini a gindinta.

"Ragowa ce, yallaɓai. 'Yan watannin nan na ga jajayen ƙwayoyinsa suna ƙanƙancewa, suna koɗewa. Na ji tsoro, na gaya masa zan aika jinin babban ɗakin gwaji a duba komai da komai. Ya ce kada in kuskura."

"Sai kika kuskura."

"Ɗan kaɗan na zuba a injinmu." Ta matso ta raɗa masa abin da injin ya nuna.

Sufeto ya yi tari har sau biyu. "Kin gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa? Cewa za a yi na haukace, ko na haɗa kwalabe."

Da azahar matar Farfesa ta iso da kular abinci, tana tafiya a hankali kamar mai jin jiri. Kwalba ya ce ba kullum take zuwa ba, sai ranar ɗibar jini da washegarinta. Sufeto ya tare ta a baranda.

"Sannu, uwargida. Kawo in taya ki."

Da ta miƙo kular, hannun rigarta ya zame. Gwiwar hannun duk tabon allura ne, tsoho da sabo.

"Sauro ne," ta ce da sauri.

"Sauron gidanku yana da saiti," in ji Sufeto.

Ya tara kowa a ofishin Farfesa. Farfesa ya dawo daga wanke hannu, filastar nan kuwa ta koma hannun dama. Sufeto ya ɗauki sirinji sabo daga tebur ya miƙa wa ɗalibar.

"Tunda an sace ma'auni, a ɗebi wani yanzu, aiki ya ci gaba."

Ɗalibar ta cire murfin allurar. Farfesa ya kalli tsinin, gumi ya karyo masa, ya ja da baya har ya take ƙafar Kwalba, sannan ya zube a kujera.

Sufeto ya ɓare filastar. Fata sumul, ko cizon cinnaka babu. Ya leƙa ƙarƙashin teburin ya jawo kular jiya da ba a mayar gida ba. Cike take da ƙanƙara, kwalaben suna kwance a ciki.

"Tun ina yaro nake tsoron allura," in ji Farfesa da muryar da ba a san shi da ita ba. "Ranar farko na yi cika baki a gaban ma'aikata cewa ni zan riƙa ba da jinin, na kasa janyewa. Matata ce ta rufa min asiri, take ba da nata, dā ma ma'aikaciyar jinya ce. Da yarinyar nan ta ce za a duba komai, na san za a gane jinin mace ne."

"Sai ka ɗora mata sata."

Farfesa ya kasa ɗago kai. "Ki yafe min, 'yata."

"Na yafe, ranka ya daɗe. Amma duk inda na rubuta namiji a aikina, kai za ka gyara da hannunka."

"Saura abu ɗaya," in ji Sufeto. "Injin ya ce Farfesa yana da ciki."

Kwalba ya cusa hannun riga a baki.

Matar ta dafa bango ta zauna a hankali. Tun aurensu suke neman haihuwa, har sun daina zancen don kada ɗaya ya ɓata wa ɗaya rai. Jirin da take ji ta ɗauka na jinin da take bayarwa ne.

"Da gaske, ƙanwata?" ta tambayi ɗalibar.

"Sai mun sake gwadawa, anti, amma na maimaita kuma bai canza ba. Daga yau kin daina ba da jini. Shi kuma dole a duba nasa na gaskiya, mu san ko ɗan zai gaji sikila."

Farfesa yana hawaye yana dariya. Sufeto ya dafa kafaɗarsa.

"Mu je caji ofis ka yi bayanin sata da ƙazafi."

Farfesa ya miƙe, ya kalli matarsa, ya kalli allurar da ke hannun ɗalibar. Ya sake zama, ya miƙa hannun hagu, ya runtse ido.

"Sufeto, ka riƙe ni da kyau. In na suma, ku ɗauke ni haka nan zuwa mota."

Haka kuwa aka ɗauke shi.