Uwa da 'Ya a Hoto Ɗaya

Idan hoto ya nuna abin da bai taɓa faruwa ba, alhali babu wanda ya yi nufin yaudara, ƙarya za a kira shi ko gaskiya? Har yau ba a sami mai amsar ba. Abin da aka sani kawai shi ne, a kan wannan tambaya auren wani mai wankin hoto ya kusa wargajewa.

Shagonsa ne kaɗai ya rage a layin da ke wanke fim irin na da, sauran duk sun koma buga hotunan waya. Wata rana da hantsi wata budurwa ta shigo cikin fararen kayan aikin jinya, riƙe da tsohuwar kyamara a jakar fata da ta bushe ta tsattsage.

"Sannu da aiki. An ce kai ne mai tayar da matattun hotuna."

"Tayar da matacce sai Allah," ya ce. "Ni masu dogon suma nake yayyafa wa ruwa."

Ta yi dariya, shi kuwa ya manta abin da ke hannunsa. Ta ce a ƙasan akwatin babanta ta tsinci kyamarar, da fim a ciki. Baba ya ce tarkace ne a zubar, ita kuma zuciyarta ta ƙi.

Maganin wankin ya ƙare a lokacin, sai an kawo daga nesa. Wannan jinkiri shi ya zama alheri. Ta riƙa biyowa in ta tashi daga aiki, wai duba hotuna. Ta sa masa suna Sarkin Duhu saboda ɗakin da yake shiga ya kulle kansa, shi kuma ya sa mata Fitila.

"Sarkin Duhu, ina hotunana? Ko ka sayar ne?" ta rubuto masa.

"Fitilata, magani bai iso ba. Ki zo da kanki, wataƙila ya ji kunyarki ya ƙaraso."

A cikin wannan hira ya ji cewa wajen haihuwarta mahaifiyarta ta rasu, kuma ko hotonta ɗaya babu a gidan. Baba, tsohon direban motar asibiti, ba ya zancenta. Har gida saurayin ya je ya gaishe shi. Tsohon ya karɓe shi ba yabo ba fallasa, don ransa ya fi kwanciya da ɗan amininsa, wanda ake kira Injiniya, shi ma mai neman aurenta.

Ranar da magani ya iso, ya shiga ɗakin duhu ya ja ƙofa. Ya tsoma takardar farko a ruwan, ya tsaya yana jira. Sannu a hankali wata yarinya ta fito, da kayan makaranta da gurbin haƙori, tana tsaye a bakin ƙofa. Ya yi murmushi, ya gane Fitilarsa.

Sai kuma wata fuskar ta fara fitowa a bayanta.

Mace ce matashiya mai tsohon ciki, hannunta ya sauka daidai kafaɗar yarinyar. Ana hango bango ta cikin jikinta. Fuskarta kuwa, kamar an tsaga kara da Fitila.

"Innalillahi!" Ya ja da baya har ya bugi kwano. Ya daɗe a jingine da bango kafin hankalinsa ya dawo, ya gane abin da ya faru: sau biyu aka ɗauki hoto da fim ɗin. An ɗauki uwar, an naɗe fim ɗin an cire, bayan shekaru aka mayar da shi aka ɗauki 'yar a kai.

Hoton ƙarshe ya fi tayar masa da hankali. Wani mutum ne ya ɗauki kansa a madubin sif, shi ma sau biyu. Ga saurayi mai cikar gashi yana dariya, a kansa ga ramammen magidanci da bai san dariya ba. Kyamara ɗaya ce a hannunsu. Baba ne duka biyun.

Ya zauna yana tunani. Wannan hoton zai faɗa wa tsoho cewa da hannunsa ya rufe hotunan matarsa na ƙarshe. Ya zare shi ya sa a aljihu, sauran ya zuba a ambulan.

Da Fitila ta buɗe ambulan ɗin, sai ta zauna a ƙasa.

"Wace ce wannan a bayana?" ta ce. Ba ta jira amsa ba. "Mamata ce. Wallahi mamata ce!"

Ta ja shi suka tafi gida, suka tarar Injiniya ya zo gaisuwa. Baba ya dubi hoto ɗaya, ya kife shi a kan tebur kamar ya taɓa wuta.

"Ta rasu ba ta ko ga fuskar yarinyar nan ba. Ta yaya za su tsaya tare?"

Injiniya ya gyara zama. "Ai Baba, aikin kwamfuta ne. Ko ni yanzu sai in haɗa maka irinsa. Dabarar samari ce kawai."

Baba ya juyo kan saurayin, idonsa ya kaɗa. "Yaro, ka rasa abin neman aure da shi sai matata da ke kabari? Kwashe su. Ba zan sake kallonsu ba har in mutu, kai kuma kar ka ƙara tako min gida."

Hoton da zai wanke saurayin yana aljihunsa, yana jin gefensa a ƙirji. Ya dubi tsohon, ya kasa fito da shi. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya fita.

Washegari saƙonta ya shigo, babu Sarkin Duhu a ciki.

"Ka gaya min tsakaninka da Allah, kai ka haɗa?"

"Wallahi ban haɗa ba, Fitilata."

"To wa ya haɗa?"

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Can sai ga wani: "Shirunka ya fi maganar Injiniya ciwo. Na ɗauka na ga uwata, ashe ban ganta ba."

Wannan saƙon ne ya karya masa hujja. Ya yi zaton kansa kaɗai ya sadaukar don ya rufa wa tsoho asiri. Ashe ya raba marainiya da uwarta karo na biyu. Ya rufe shago ya tafi asibiti, ya jira ta a bakin ƙofa, ya miƙa mata hoton, ya yi mata bayani.

Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, hawaye da fushi ne tare a idonta.

"Wa ya ɗora maka zaɓa mana abin da za mu iya ɗauka? Ubana ne, ba ƙwai ba ne."

"Na yi kuskure."

"Ka yi. Amma irin kuskuren da ya sa nake sonka ne, shi ya sa ya fi ba ni haushi."

Da yake Baba ya rantse ba zai sake kallon hotunan ba, sai ta soka shi a gefen madubin sif ɗin nan, wanda har yanzu yake ɗakinsa, ta bar shi a nan.

Bayan 'yan kwanaki, saurayin yana goge kanta ya ji sallama. Baba ne, da sandarsa, da hoton a hannu. Ya ba shi kujera, tsohon ya zauna.

"Na je gyara hula," ya ce, "sai na gan mu mu uku a madubi. Saurayi, da magidanci, da wannan tsohon. Na kasa gane wanne ne ni." Ya share ido. "Ranar da naƙuda ta kama ta na cire fim ɗin, na ce in mun dawo mu uku sai in kai a wanke. Mu biyu muka dawo. Daga baya na neme shi har na haƙura. Ashe shi na sa ranar da na kai yarinyar makaranta, ina zaton sabo ne."

"Ka yafe min, Baba. Na ɓoye ne don kar ka ce ka ɓata su."

"Ni zan nemi yafiya, na zage ka a kan aikin hannuna. Ka turo magabatanka." Saurayin ya miƙa masa ambulan ɗin, amma tsohon ya girgiza kai. "Wannan kam ba zan iya ba."

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, ango da amarya suka shiga suka durƙusa a gaban Baba. Ya yi musu nasiha, ya ce wa ango, "Duhun nan naka ya tsaya a shago, kar ka kawo mata gida." Amarya ta yi dariya cikin kuka.

Har sun miƙe, sai ya ce, "Ina ambulan ɗin?"

Suka dubi juna. Ta ciro shi daga jakarta, don tun da ango ya mayar mata da shi ba ta rabu da shi ba.

Baba ya sa tabarau. Ya zaro hoton da ya taɓa kifewa, ya juyo shi, ya kawo shi kusa da ido. Ya ɗora yatsa a kan hannun da ke kafaɗar yarinyar.

"Kin gan ta," ya ce wa matar da ke cikin hoton. "Ta girma, yau na aurar da ita. Allah ya ji ƙanki, su kuma Allah ya yi musu albarka."

Sannan ya zaro na biyu.