Ƙusoshin Tagar Baba

"Ka faɗa mata, ko ni in faɗa!"

Kafinta ya ajiye zarto ya dubi matarsa. Tana tsaye a ƙofar shago, garin katako na sauka a kan mayafinta.

"Haba hasken idona... Baba na kwance, yanzu ne zan je wa Inna da maganar ciwon sukarinki?"

"Kafin aure ka ce sai bayan aure. Bayan aure ka ce sai ta saba da ni. To ta saba! Kullum da safe sai ta haɗa min shayi, sukari kamar za a yi alawa, ta tsaya a kaina sai na shanye."

"Ƙauna ce ai."

"Na sani. Shi ya sa nake sha."

Maganar gaskiya, kafinta na son matarsa kamar ransa, amma matsoraci ne. Ya taɓa jin mahaifiyarsa ta ce ba za ta yarda ɗanta ya kwaso mata mai lalura ba. Tun ranar ya ɗinke bakinsa, ya ɗinke na yarinyar.

Baba kuwa tarin tibi ne ya kwantar da shi. Gwiwoyin Inna sun gaji, don haka jinya ta faɗo kan suruka. Ita ce ba da magani, ita ce zubar da kaki, ita ce zaman fira da tsoho har ya yi barci.

Wata safiya Inna ta ce iska ce ke tayar wa Baba da tari.

"Kai, ɗauko gudumarka ka rufe min tagar nan."

Ya ɗauko. Aikinsa ba ya wasa da shi. Dogayen ƙusoshi ya zaɓa, ya buga su har kawunansu suka nutse.

Baba ya sha magani ya miƙe. Yana miƙewa surukar ta fara. Tari, zazzaɓi, gumi, zobenta ya koma yana zamewa daga yatsa. Ranar da kafinta ya ga jini a hankicinta, ya rasa yadda zai yi. Inna ce ta tare mota.

A asibiti likita ta duba hoton ƙirji, ta duba gwajin jini, ta ɗago da fuska a murtuke.

"Wa ya bar mai ciwon sukari ta yi jinyar mai tibi?"

Inna ta ce, "Mai me?"

"Ba ku sani ba? Hajiya, in sukari ya yi yawa a jini, sojojin jiki sanyi suke yi. Hatta ƙananan halittun cikin hanji, masu sarrafa abinci su fitar da abin da ke taimakon garkuwar jiki, rikicewa suke yi. Ku kun shaƙi iskar ɗakin kun tsira. Ita ba ta da mai tare mata. Ina fata dai kuna buɗe taga?"

Inna ta juyo ta dubi ɗanta.

A baranda Inna ta riƙo wuyan rigarsa.

"Ka sani?"

"Na sani, Inna... Ke kika ce ba kya son mai lalura."

"Na faɗa kafin in san ta! Yarinyar da ke matsa min ƙafa? Da ka buɗe baki, ko da rarrafe ne ni zan yi jinyar mijina! Wayyo ni... da hannuna nake zuba mata, cokali bayan cokali, ina cewa sha 'yata ki yi ƙiba!"

Magani ya zo, amma ciwon ya riga shi nisa. Inna ta tare a asibiti, ko koranta aka yi ba ta tafiya.

Wata yamma kafinta ya shigo ya tarar da matarsa da kofi a hannu, tana murmushi.

"Kafintana, zo ka ɗanɗana. Inna ta haɗa min ba sukari."

Ya kurɓa.

"Ya ka ji?"

"Ba daɗi."

"Wallahi ba daɗi!" Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta kamo hannunsa. "Amma ban taɓa shan wanda ya kai shi ba. Ka ga abin da ka hana ni?"

"Ki yafe min, masoyiyata... Tsoro ne."

"Na yafe tuntuni. In na koma gida, ka buɗe tagar nan. Ɗakin Baba duhu gare shi."

Ba ta koma ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse, kafinta ya shiga ɗakin da guduma. Ƙusoshin suka ƙi fita, don shi ya buga su. Ya ja, ya ja, har katakon ya tsage, hannunsa ya yi jini. Inna na tsaye a bayansa ta tara tafin hannu, duk wadda ya zare sai ta karɓa.

Taga ta buɗe. Iska ta shigo ta ɗaga labule, ta zaga ɗakin.

Inna ta dubi ƙusoshin da ke hannunta.

"Ashe iska kawai 'yata take roƙo..."

Kafinta ya kifa kansa a bakin tagar, ya fashe da kuka.