Ɓawon Gyaɗa A Shasin Bibi Naseem

Cin amanar kayan da aka kawo maka gyara ya fi sata muni, kuma shi ya rushe Ustad Mushtaq, makanike a garin Chakwal.

Bibi Naseem ta gaji tsohuwar jif daga mahaifinta, wadda ta shekara arba'in tana dakon gyaɗa. Shasinta, ƙashin ƙarfen da mota ke zaune a kai, ya yi tsatsa, ta kai wa Ustad ya canja. Doka ta ce sai an duba lambar tsohon kafin a taɓa shi. Ranar dubawa Sufeto Sarfaraz ya kankare lambar, ya ce, "Ta jabu ce, Inna. Sa hannu, mun kama mota."

"Ba zan sa ba! Ubana ba ɓarawo ba ne." Ta fizge guduma ta doki ƙarfen. Ba abin da ya kaɗa a cikinsa. "Ka ji? Nawa kacau-kacau yake yi. Ɓeraye sun cika cikinsa da ɓawon gyaɗa tun ba a haife ka ba. Wannan ba nawa ba ne."

Sufeto ya zura waya cikin ƙarfen, ba ta fito da komai ba.

Ya fara binciken wanda ya musanya shasin da Tanvir, ɗan ƙanenta da ya tuƙo motar.

"An ce ka matsa mata ta sayar."

"Na matsa, ta jefe ni da takalmi. Ranka ya daɗe, ni ko taya ban iya kwancewa ba."

Mai fentin garejin kuwa yana Lahore wajen biki tun kafin motar ta iso.

Saura Ustad. Ya shafa gemu. "Ko noti ɗaya ban kwance ba, takarda nake jira."

"Me ya sa notunan ke ƙyalli?"

"Na shafa musu mai ne."

"Wa ke da sarƙar ɗaga mota a layin nan?"

"Ni, amma..."

Sufeto ya zagaya rumfar baya, ya ɗebo ɓawo cike da tafi a ƙarƙashin sarƙar.

"Gyaɗa nake ci!" in ji Ustad.

"Da haƙoran ɓera?" Bibi ta ce. "Buɗe bakin mu gani, maƙaryaci!"

Sufeto ya ce, "Ɓawon nan ya yi baƙi don tsufa, kowane da hudar ɓera. Ka ɗaga motar, ka zare shasi mai lambar gaskiya don a rufa wa wata motar fasa-ƙwauri asiri, ka sa wa motar Bibi wani ka buga masa lambar jabu. Da ka kifa nata, ya zubar da abin cikinsa. Wa ka ba?"

Kafin la'asar Ustad ya faɗi sunan wanda ya ba. An samo shasin a garin Talagang, aka mayar wa Bibi motarta.

Ustad kuwa an garƙame garejinsa da ya shekara talatin yana aiki a ciki, masu motoci goma sha ɗaya sun janye nasu, ƙungiyar makanikai ta soke sunansa, alƙali ya ba shi shekara uku.